Tabarmar Memuna

Kowa a zangon Yendi ya san Amidu tela da wasan nan nasa. Mutane su taru, kowa ya jefa sunan abu, wannan ya ce doya, wancan ya ce fitila, har bakuna su gaji. Shi kuwa ya rufe ido ya jero su tas, ya sake dawowa da su daga ƙarshe. Wasu suka ce aljanu gare shi. Aljanu a ina! Gida gare shi a ka.

Gidansu ne na Salaga, wanda aka sayar aka rushe bayan rasuwar matarsa Memuna. Duk abin da aka faɗa, sai ya shiga ta zaure a zuciyarsa ya ajiye shi: doya a bakin ƙofa, fitila a kan randa, akuya a ɗakin kakarsa. In an ce maimaita, ya bi gidan yana tsinta.

Wuri ɗaya ne bai taɓa ajiye komai ba, gindin mangwaro, inda Memuna ke zaune kan tabarma tana tsintar wake. Ba ta bar hoto ba, ba su haihu ba. Nan kaɗai yake ganin fuskarta. Kowace safiya kafin ya taka keken ɗinki sai ya shiga da sallama, ta ɗago ta ce, “Malam, ka karya kuwa?” A Yendi babu mai yi masa wannan tambaya.

Da babbar Sallah ta 1989 samarin zango suka haɗa shi gasa da Jibirilu, wani mahauci daga Bawku, mai kai kamar me, ga ɗan banzan baki.

“Baba Amidu,” in ji Jibirilu, “ka sha ruwa tukuna, kada ka mance sunanka.”

Aka kwashe da dariya. Ran tsoho ya ɓaci.

Aka fara jefa sunaye. Zaure ya cika, ɗakuna suka cika, madafa, rumbu, har bakin rijiya. Jibirilu na gumi amma bai fasa ba. Sai wata mata ta jefa na ƙarshe: “Buhun gawayi!”

Amidu ya duba ko'ina, babu masaka tsinke. Saura tabarma. Ya ji mutane na kiran sunansa, abin da ya daɗe bai ji ba. Wayyo, son a yaba! Ya ce a ransa, “Memuna, ɗan matsa kaɗan, yanzu zan ɗauke.” Ya dire buhun.

Ya ci gasar. Jibirilu ya yi tuntuɓe a tsakiya, shi kuwa ya kai ƙarshe ya dawo. Aka yi ta tafi, aka raka shi har ƙofar shago, kowa ya watse cin nama.

Washegari ya shiga sharar gidan a zuciyarsa kamar yadda ya saba bayan kowane wasa. Doya ta tafi, fitila ta tafi, akuya ma. Ya isa gindin mangwaro, ga buhu zaune daram a kan tabarma, babu Memuna. Ya ɗauke, ya waiwaya, ga shi nan. Ya yi ƙoƙarin tuno hancinta, wushiryarta, sai baƙin gawayi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar jana'izarta.

Ya koma zaure, ya cire takalmi, ya sake sallama da ƙarfi, har maƙwabcin shagonsa ya amsa masa ta bango.