Ƙugiya ta Uku a Jirgin Duane

"Ba nan ba, Merle. Matso da tef ɗin alamar baya, daidai kafaɗar direba."

Merle Kowalke ya ɗago daga durƙuson da yake, injin huda a hannu, ya harari maƙwabcinsa. Duane Halvorsen na zaune a kujerar naɗewa a bakin gareji, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo, alhali zafi ake yi na fitar hankali.

"Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, an gama magana," in ji Merle. "Ta ukun nan ta uban wa ce?"

"Ta masu ruɓaɓɓiyar gwiwa irinka."

"Gwiwata ta fi bayanka lafiya, tsohon banza."

Jirgin ruwan na Duane ne, irin mai jan masu zamiya a kan ruwa, amma duk wanda ke bakin tafkin ya san na mutum biyu ne. Tun 'ya'yansu suna ƙanana Duane ke tuƙi, Merle ke dira kan dandamalin katako da igiya ya ɗaure. Kuma duk tsawon shekarun nan Duane bai taɓa yarda ko allura ta huda jirgin ba, a jikin ƙarfen dafawa suke ɗaure igiya kamar marasa galihu. Sai ga shi bana ya sayo ƙugiyoyin ɗauri har uku, irin masu lafewa cikin jikin jirgi, sai ka danna da yatsa su ɗago kai.

Merle ya zura hannu ta ƙasa ya laluba, kada ya huda waya. Ya fara juya injin ta baya don kada fentin ya tsage, sannan ya huda, ya shafa gam, ya sa farantin ƙarfe ta ciki ya ɗaure noti. Duane na ta ba da umarni kamar shi ya ƙera jirgin.

"Zauna a kujerar direba. Miƙa hannu. Ka kai?"

"Na kai."

"Ba tare da ka tashi ba?"

"Na ce na kai! Ni fa ba direba ba ne. Ka warke ka zo ka miƙa naka hannun, malalaci."

Duane ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ciwon baya ne, in ji shi, ya ɗaga katakon dandamali shi kaɗai. Merle kuwa mutum ne da in ka ce masa ciwon baya, to ciwon baya ne.

Ganyen kaka bai gama zuba ba Jolene, matar Duane, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da safe, da silifas ɗin mijinta a ƙafa. "Ya tafi, Merle," ta ce. Shi kuma har ya buɗe baki zai tambaye ta ina.

Bayan jana'iza aka sauka ɗakin ƙasa na coci, inda mata suka jera kofi da burodi da dankalin da aka gasa da nama. Curtis mai sayar da kayan kamun kifi ya dafa kafaɗar Merle.

"Namiji ne abokinka. Tun ƙanƙarar hunturu ba ta narke ba likita ya yanke masa cewa ciwon ba na tashi ba ne, amma ko sau ɗaya ban ji ya yi raki ba."

"Tun yaushe?"

Curtis ya dubi kofinsa. Fasto ya dubi bango. Matar da ke zuba kofi ta tuna wani aiki a kicin. A nan Merle ya gane cewa duk ɗakin nan, har mai kawo wasiƙa, shi kaɗai ne aka ɓoye wa. Wani ɗaci ya taso masa, ba na rashi ba, na wanda aka yi wa wasa da hankali.

Ya iske Jolene tana ɗauraye kofuna.

"Kin sani, kika zuba mini ido ina ce masa malalaci?"

"Shi ya hana, Merle. Ya ce kowa kallon gawa yake masa. Yana son a bar masa mutum ɗaya da zai ci gaba da zaginsa."

"To ni fa? Wa ya tambaye ni abin da nake so? Curtis ya yi sallama da shi. Curtis! Ni da hannuna ya sa na huda jirgin nan, na kafa ƙugiyar da mutum ke ɗaure jirgi in ba shi da mai dira masa. Yana kallona yana dariya."

"Ya bar maka jirgin."

"Ban ce ina so ba."

Ta goge hannu, ta sa masa makullin a aljihun kwat. Bai hana ta ba, bai kuma yi godiya ba.

Sanyi ya shigo. Maƙwabta suka fitar da jiragensu ɗaya bayan ɗaya suka lulluɓe da leda, suka janye dandamalinsu kan tudu. Jolene ta yi masa magana, Curtis ya ce zai kawo tirelar ɗaukar jirgi, in ba haka ba ƙanƙara za ta matse jirgin ta fasa. Merle ya ce mai jirgi ya zo ya fitar da kayansa.

Jirgin Duane kaɗai ya rage a tafkin. Kullum da safe, ta tagar kicin, Jolene na ganin Merle ya sauko da hular ulu da tsohon filafilin tuƙa kwalekwale. Ba ya shiga jirgin, ba ya taɓa shi. Yana bin gefensa a hankali, yana farfasa siririyar ƙanƙarar da ta kwana a jikinsa, bakinsa na motsi, tururi na fita.