Maciji a Cinya, Dila a Duhuwa

Marlys Etchemendy ta hura usur ɗin kira karo na biyu, sai ta ji wani abu mai nauyi yana hawa ƙafarta ta hagu. Ta sauke idanu ba tare da ta motsa kai ba. Maciji ne mai kacau-kacau a wutsiya, kaurinsa ya kai damtsenta. Sanyin safiyar Mayu ne ya koro shi daga ƙarƙashin dutsen da ta jingina da shi. Ya bi ɗumin jikinta, ya naɗe a kan cinyarta, ya ajiye kai kusa da hannunta na dama, wanda ke kan bindiga.

Farautar kayoti suka fito, dilan da ya addabi masu tumaki a arewacin jihar Wyoming. Wata tsohuwar macen dila ce ke ɗauke wa Marlys 'yan tumaki tun da aka fara haihuwa. Aikin Marlys shi ne ta kwaikwayi kukan zomon da aka kama, ta jawo dilar daga duhuwa zuwa faƙon da ke gabanta. Aikin kawunta Orval shi ne harbi. Yana zaune can gefen faƙon, ta inda iska ke gangarawa, domin dila ba ta zuwa sai ta zagaya ta shinshina.

Kawu Orval yana da doka, kuma duk wanda ya taɓa fita da shi ya san ta: idan an zauna, babu magana, babu waige, babu mai tashi sai mai kira ya miƙe ko bindiga ta tashi. Ya taɓa barin surukinsa ya taka da ƙafa har gida saboda tari. Kuma kafin ya zauna yakan cire na'urar ƙara ji daga kunnensa ya sa a aljihu, wai ƙarar harbi tana fasa masa kai.

Duk da haka ta kira sunansa, a hankali, sannan da ɗan ƙarfi. Kiran ya motsa cikinta, macijin ya ɗaga kai ya zaro harshe. Ta daina kira. Tana hango bayan hular kawun, ko gezau bai yi ba. Mota tana bayan tudu, asibiti kuwa sai an gama hanyar ƙasa kafin ma a hau kwalta.

Miƙewa ba ta yiwuwa. Saura harbi, wanda shi kaɗai zai tayar da kawun, shi kuma Orval ba ya harbin abin da bai fito sarari ba.

Usur ɗin yana bakinta, hannun hagu na riƙe da shi. Ta hura da iskar kumatu kawai, don kada ciki ya motsa. Kukan ya fita siriri. Ta dakata, ta sake. Ƙafarta ta fara mutuwa daga gwiwa zuwa ƙasa, gumi yana shiga idonta.

Can sai dilar ta ɓullo a bakin duhuwa, ta zauna. Ta sha jin wannan kuka, ta kuma san abin da ke biyo bayansa. Ta dubi faƙon, ta yi hamma. Daga wurin Orval ba a ganinta, ƙananan itatuwa sun tare.

Marlys ta lura nonuwan dilar sun zubo. Tana shayarwa ke nan, ramin 'ya'yanta ba shi da nisa. Ta saki usur ɗin ya rataye a igiyarsa, ta manna leɓe a bayan hannunta, ta tsotsa. Sautin ya fita kamar na ɗan kwikwiyon da aka taka.

Dilar ta zabura. Ba ta zagaya ba, ba ta nemi iska ba, ta miƙo faƙon a guje, kai tsaye wurin Marlys. Macijin ya ji dirin ƙasa, ya ɗaure jikinsa, wutsiyar ta fara kaɗawa. Marlys ta daina numfashi.

Bindiga ta tashi. Ƙura ta tashi a bayan dilar, ta juya ta shige duhuwa da ƙafafunta huɗu lafiya lau.

Orval ya miƙe yana dafa gwiwa. Ya taho yana ɗingishi, yana faɗa da iska, da masu ƙera harsashi, da duk wanda ya koya wa 'yar ƙanwarsa kira. A ganinsa ta jawo dabbar da gudu ne don ta kunyata shi.

"Ke kuma zaman me kike yi kamar an dasa ki? Ko sai na kawo miki kofi?"

"Kawu, tsaya nan," ta ce ta tsakanin haƙora.

Bai ji ba. Ya ƙara taku biyu yana laluben aljihu, sannan idonsa ya sauka a kan cinyarta. Ya tsaya. Ya ajiye bindigar a ƙasa a hankali.

"To, 'yar nan. Ashe baƙo kika yi. Kada ki gaishe shi."

Ya cire hularsa, ya miƙa ta gefe yana kaɗawa. Kan macijin ya bar hannun Marlys ya bi hular. Da ɗaya hannun ya zura sandar da yake ɗora bindiga a ƙarƙashin naɗin, ya ɗaga, ya wurga. Macijin ya faɗi a kan duwatsu yana kacau-kacau, ya ja jiki ya shige rami.

Ya duba wandonta, ya duba hannunta, babu huda. Ya sa na'urar a kunne, sai a karo na uku ta zauna. Ya tambaye ta tun yaushe abin yake nan, ta ce tun kira na biyu.

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Orval ya zauna a gefenta, ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa, ya fara murza ta har jini ya dawo.