Ma'ajiyar da Ba a Taɓawa

Kwana uku ke nan Atika na zagaye teburin Malam Jelani da kwamfuta a hammata, ta kasa tsayawa. Ta gyara abin da ba a taɓawa a ofishin, kuma ba ta san bakin da za ta faɗa masa ba. Aminin mahaifinta ne, shi ya koya mata aikin tun ba ta san inda ake kunna na'ura ba. In ya ɗauki abin a matsayin raini, ta san zaman ba zai sake daɗi ba.

Ofishin nasu ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya a Gidan Igwai, suna rubuta manhajar rajistar manoman shinkafa na Wamakko. Ba sa rubuta kowane fom da hannu. Akwai wani shiri da Malam ya rubuta shekara shida da suka wuce, a ba shirin jerin tambayoyi, shi kuma ya fitar da rubutun manhajar da kansa a yaren kwamfuta da ake kira Python. A wannan yare, tazarar da ke farkon layi ce ke nuna wane umarni ke ƙarƙashin wane. Layi ya matsa ciki fiye da ƙima, sai manhaja ta yi abin da ba a aike ta ba.

To Malam ya ajiye ƙirgen tazarar a ma'ajiya guda tak, wadda kowane sashe na shirin ke sa wa hannu, kamar randar tsakar gida. Mai buɗe sashe ya ƙara ɗaya, mai rufewa ya rage. A wuri guda Malam ya manta ragewa. Kuma kowa ya gani! Gazali, abokin aikin Atika, ya gani, amma ina shi ina gyara wa malaminsa rubutu? Sai ya rage ɗaya a nasa sashen, ya yi gum. Balkisu, ita ma abokiyar aikinsu, ta zo ta tarar ragin ya yi mata yawa, ta ƙara ɗaya. Ita kanta Atika, mai cika tana batsewa, da ta duba sai ga facinta har huɗu. Duka-duka faci goma sha tara, ba wanda ya ce uffan.

Makon jiya abin ya fashe. Tambayar girman gona ta zame ta faɗa ƙarƙashin tambayar injin ban-ruwa, don haka duk manomin da ba shi da inji ba a tambaye shi gonarsa ba. Atika ta zauna za ta sa faci na ashirin, zuciyarta ta ƙi. Ta cire ma'ajiyar ɗungurungum. Yanzu kowane sashe miƙa masa tazararsa ake yi, ya gama aikinsa ba tare da ya taɓa ta kowa ba. A nan layi ɗari biyu na rubutun Malam suka tafi.

Bayan Azahar ta same shi yana dama fura, ta rusuna.

"Malam, ina da magana."

"Mi ya faru, ɗiyata?"

Ta ajiye kwamfutar a gabansa. Ya gyara tabarau ya shiga karantawa, ya yi ƙasa, ya dawo sama, ya sake yin ƙasa. Gazali da ke can gefe ya tsira wa bango ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Ina ma'ajiyar?" in ji Malam.

"Na cire ta, Malam."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Kin gwada?"

"Fom arba'in na gwada, duk sun fito daidai."

Ya cire tabarau ya daɗe yana murza idanu. Atika ta fara shirya ban-haƙuri a ranta, sai ta ga kafaɗunsa na motsi. Ashe dariya yake.

"Alhamdu lillahi! Shekara ukku ina tsoron wanga shiri. In na buɗe shi zan gyara, sai in iske kun cika shi da ƙari da ragi, in ce lalle yaran ga sun san wani abin da ban sani ba, kar in ɓata musu aiki. Sai in rufe abina."

"Malam, ai mu kai muke jin nauyi!" in ji Atika.

"To ga shi munka taru muna jin nauyin juna, manoma na can ba gona."

Gazali ya kasa riƙe tasa dariyar. Atika kuwa sai a lokacin ta ji wani sanyi ya ratsa ta har ƙwalla ta taru mata. Ta sa hannu za ta ɗauki kwamfutar, Malam ya dafe na'urar, ya ture kwanon furar gefe.

"Ina za ki? Ja kujera ki zamna," in ji shi. "Koya mani yadda kinka yi, daga layin farko. Kuma a hankali, ban da saurin nan naku."