Ƙofar Gawa ta Gidan Ulvtoft

Duk ginin da ke tsaye a Ulvtoft, wani daga zuriyarmu ne ya ɗora shi. Kakan babana ya gina babban gidan, lokacin wani dillalin shanu da ya yi arziki da kora bijimai zuwa kasuwannin kudu. Kakana ya yi bargar dawaki, wadda har yau ba ta tsage ba. Babana Mads ya yi rumbun hatsi bayan gobara ta cinye na farko. Ni kuwa, Ejnar, abin da suka bar mini shi ne faci, da shafa farar ƙasa kowace bazara, sai kuma ƙofar gawa.

Tana jikin bangon yamma na babban ɗaki. Wuri ne daidai faɗin akwatin gawa, an toshe shi da jan tubali. In maigida ko matarsa ta rasu, magini zai fasa, a fitar da akwatin ta nan, ƙafafu a gaba. Kafin mutane su dawo daga coci ya mayar da tubalin ya shafe. Mamaci bai san wata hanya ba sai wadda aka fitar da shi ta ita, don haka in ya dawo ya tarar da bango sai ya haƙura. Sauran gidajen yankinmu sun daina wannan tun zamanin kakana, amma Ulvtoft ba su daina ba.

A 1958 maigidan, Laurits, ya mutu. Ban yi baƙin ciki ba, kuma ban ga wanda ya yi ba. Mutum ne da yake kulle ɗakin abinci ya jefa makullin a aljihu. Shekara talatin da ɗaya matarsa Thyra ta yi tana sa riga mai dogon hannu ko da tsakiyar rani, kowa kuma ya san abin da take rufewa.

Da aka fitar da akwatin, ta tsaya a kaina kafin ta bi bayansa.

“Ɗan Mads, ka toshe ta da kyau.”

“Haba Uwargida, yau na fara gini?”

Na yi jeri har sama, sai tubalin ƙarshe, na kusurwa, ya fashe a hannuna. Ban zo da ƙari ba, don girman kai. Ƙararrawar coci ta riga ta yi shiru, ga ƙurar kekunan doki ta taso a hanya. Sai na dunƙule ciyawa na cusa a ramin, na shafe da kwaɓi, ya yi sumul.

Da ta dawo ta tambaye ni, “Ka toshe duka?”

Na ce, “Duka.”

Ta ba ni kofi da burodi, ta lafta masa man shanu da kauri irin wanda ba a taɓa gani a gidan ba. Na ci ina cewa a raina gobe zan kawo tubali. Amma kawo tubalin yana nufin in faɗa mata ɗan Mads ya yi ƙarya, goben nan kuwa ta zama shekara tara.

Shekarar farko Thyra ta zama wata daban. Ta buɗe tagogi, ta rataye makullin ɗakin abinci a ƙusa inda kowa zai ɗauka, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu tana shuka wake. A bazara ta uku ina shafa farar ƙasa da rana tsaka na ji warin lofen Laurits, taba mai ɗaci da babu mai shan irinta sai shi. A ta biyar na ji tarinsa daga babban ɗaki, na leƙa, ba kowa sai kujera. A ta bakwai ƙusar nan ta zama wayam. Duk na gani, na ce da kaina tsohon gida ne, katako yana riƙe wari.

A ta tara ta kawo mini kofi cikin zafin Yuli da riga mai dogon hannu, maɓalli har wuyan hannu. Ranar na ajiye kofin ban sha ba.

Washegari da hantsi na zo da tubali. Na kankare shafen, na tarar babu ko tsinken ciyawa, gefen ramin kuma ya yi santsi kamar dokin ƙofar da aka daɗe ana takawa. Na sa tubalin, na danna, na shafe. Ina juyowa na gan ta tsaye a bayana.

Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta yi wata 'yar dariya da na fi son ta mare ni a kanta.

“Ai na sani, sarkin magina. Ramin ƙarami ne, shi ya sa ya daɗe yana shigowa kaɗan-kaɗan. Hannayensa ne suka iso ƙarshe, bara da kaka. Yanzu da ya gama shiga ka zo ka rufe mu tare.”

“Bari in fasa, Uwargida, ya fita.”

“Laurits? Ka taɓa ganin ya tashi ya bar abin da yake nasa?” Ta gyara maɓallinta. “Abu ɗaya nake roƙonka. Na gaya wa fasto a binne ni can ƙarshen maƙabarta, nesa da shi. Ranar da za a fitar da ni, kan akwatin yana wucewa ka fara jeri. Ya zauna da gidansa. Ni dai in tafi ni kaɗai.”

Bayan shekara biyu ta rasu, ta rame har ta koma kamar damin kara. Tun da safe na jera tubalina a gefe, da ƙarin guda shida, na kwaɓa ƙasa na ajiye. Maza shida suka ɗauko akwatin. Suna cusa shi ta ƙofar sai na ga gwiwoyinsu sun lanƙwashe, Jeppe maƙeri yana nishi.

“Kai Ejnar, tubalinka ka zuba mana a ciki? Wannan 'yar tsohuwar ta fi mutum biyu nauyi!”

Kan akwatin yana wucewa na hau jeri, kuma ban taɓa yin aiki mai kyau da sauri irin na ranar ba. Ko allura ba za ta shiga ba.

Da na gama na zagaya na shiga babban ɗaki don in share ƙura. Iska fes, babu warin taba ko kaɗan. Makullin ɗakin abinci yana rataye a ƙusarsa, yana ɗan lilo.

Mutanen da suka sayi Ulvtoft suna yaba mini gidan, wai ba su taɓa zama wuri mai natsuwa irinsa ba. Sau ɗaya na kai wa Thyra furanni can ƙarshen maƙabarta. Tun kafin in ƙarasa kabarin warin lofen ya tare ni.