Sharar Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba. Ni mai zane ne, irin zanen da babu mutum babu itace, layi da launi kawai, wanda maƙwabta ke leƙawa su ce Allah ya sawwaƙe. Wata bakwai da rasuwar Inna, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Yayata Kande ta ce in zana mana fuskarta. Na ce to, amma duk na zauna sai lanƙwasassun layuka su fito, fuskar kuwa kullum ƙara ɓace mini take. Abin yana ba ni tsoro. Har na buɗe gwangwanin farin fenti, da niyyar in shafe allon da nake zanen a kai da safe.

A mafarkin rana tsaka ce. Ina ɗauke da allon a ka na shiga wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa da lemarsa a kife. Aka nuna mini ofishin launuka. Wani bunsuru mai tabarau ne a kan kujera.

"Malam, mene ne wannan?"

"Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe."

Ya juya allon, ya sake juyawa, ya ɗanɗana gefensa. "Ina hancin?"

Na ce na manta shi.

"Launin da bai san aikinsa ba gida yake komawa. Kafin la'asar ka kawo hanci."

Tun ban fita ba ja ya sulale ya koma cikin barkono. Shuɗi ya nufi marina. Rawaya ce mai ladabi, sai da ta gaishe ni sannan ta wuce. Launin ƙasa kaɗai ya rage.

Sai ga ni a tsakar gidanmu, an rataye allon a igiya kamar shanya. Inna tana shara a duƙe, hannu ɗaya a gadon baya. Da baya-baya take tafiya yadda ta saba, tsintsiya tana shafe sawunta.

"Inna, ɗago in gan ki."

"Auta, matsa mini, kana taka mini shara."

"Fuskarki nake nema. Za a kwashe mini komai."

"Yaushe ka taɓa kallon fuskata da safe? Kana bakin ƙofa da kofin koko, ƙasa kake kallo."

Gaskiya ta faɗa. Na dubi ƙasa. Layukan tsintsiyarta ne, lanƙwasa bisa lanƙwasa, na hagu sun fi zurfi saboda kafaɗar da ke yi mata ciwo. Na sauke allon na duba. Su ne, har da zurfin na hagun. Ashe wata bakwai ina zana ta, ina cewa ban fara ba.

"To hancin fa, Inna?"

"Ka ce wa bunsurun ya zana nasa."

Ta ci gaba da ja da baya har ta kai ƙofa. Ta fita ba ta ɗago ba, ba ta kuma bar sawu ba.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni, Kande ce ke share tsakar gida. Gwangwanin farin fentin yana nan a buɗe gefen katifa. Na mayar masa da murfinsa, na ɗaga labule.

"Yaya, in kin gama, zo ki ga Inna."