Wasiƙun da Suka Dawo wa Ziggy

Shekara talatin da ɗaya Zygmunt Baran ya yi yana riƙe da kwamitin zaɓe na ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, a garinsu na bakin tafki a jihar Ohio. Kowa Ziggy yake ce masa. Masana'antar ƙarfen garin ta daɗe da rufewa, ciyawa ta cinye filin ajiye motoci, amma ƙungiyar ba ta mutu ba, don ta haɗe da ma'aikatan asibiti da na rumbunan kaya. Su ne suka fi yawa yanzu, su ne kuma suka zaɓi Yolanda Figueroa, ma'aikaciyar jinya, ta shugabance su. Kujera ɗaya ta rage a hannun tsofaffi, ita ce ta Ziggy, ita ma an fara zuba mata ido.

Abin da ya riƙe shi a kujerar nan wani akwatin ƙarfe ne mai aljihu shida, cike da katuna. Kowane kati da sunan ɗan ƙungiya da adireshin gidansa. Dokar Ziggy ɗaya ce a kan akwatin: ba ya cire katin mutum sai ya halarci jana'izarsa da ƙafarsa.

A da, idan Oktoba ta kama, yakan tsaya a ƙofar masana'anta lokacin canjin aiki, riƙe da hular kwano a buɗe. Kuɗin zaɓe ba a ɗibarsa daga kuɗin wata-wata, sai wanda ya ga dama. Mutum dubu huɗu za su wuce, kowa ya jefa dala ɗaya, wani ya haɗa da zagi. Daga nan sai Asabar uku a ɗakin ƙasa na ofishin ƙungiya, ana rubuta adireshi da hannu a bayan ambulan na wasiƙun neman ƙuri'a. Mata su kawo pierogi, wato dafaffen ƙullun fulawa mai cushe da dankali, da soyayyiyar albasa, hayaƙin taba ya cika ɗaki, rediyo na ihun wasan ƙwallo. Attajirai suna da jaridu da alluna a bakin hanya, amma sau tara a jere ɗakin ƙasan nan ya kayar musu da ɗan takara.

A bana ƙungiya na bayan Wanda Kessler, malamar makaranta mai neman majalisar jiha. Abokin hamayyarta kuwa Royce Abernathy ne ya tsaya masa, mai kamfanin manyan motoci, wanda ya zuba rabin miliyan a talla. Ko labarin yanayi mutum ya kunna, sai ya ga fuskar malamar an baƙanta ta. Abin da ƙungiya ta tara bai kai dala dubu uku ba.

A taron Satumba, Yolanda ta ce a kashe kuɗin a saƙon waya da man motar masu bi gida-gida. Ziggy ya miƙe yana dafa tebur.

"'Yar'uwa Figueroa, saƙon waya da yatsa ɗaya ake goge shi. Takardar inji kuma shara take tafiya. Amma ambulan da aka rubuta da hannu, sai an buɗe shi, don mutum zai ɗauka ƙanwarsa ce ke neman sulhu."

"Ko tsohuwar budurwarsa," in ji Cleophus Tate daga baya. Shi ne tsohon direban ƙugiyar ɗaga ƙarfe, abokin Ziggy tun suna samari. "Ban da kai, Ziggy. Kai ko ɗaya ba ka taɓa yi ba."

"Rufe mana baki, tsohon banza. Kai da rubutunka ko likita ba ya iya karantawa."

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Ranar Talata ce da hantsi, matasa duk suna wurin aiki, tsofaffi ne suka cika kujeru. Ziggy ya yi rinjaye da ƙuri'a uku.

Yolanda ta rufe littafinta. "Shi ke nan, Ɗan'uwa Baran, an bi taka. Amma in abin bai yi ba, a Janairu za mu zauna a kan maganar kujerarka."

"Na yarda," ya ce.

Asabar ukun nan sun yi masa daɗin da ya manta da irinsa. Mutum goma sha biyu ne kawai, ba taba, gahawar ma maras ƙarfi ce saboda hawan jini. Amma matar marigayi Marek Dudek ta kawo pierogi a tsohuwar tukunyarta, kuma duk katin da aka zaro sai ya zo da labari. Wannan shi ne ya kwana a kan bututun hayaƙi lokacin yajin aiki. Wancan shi ne ya kawo akuya ofishin manaja. Ziggy yana rubutu yana murmushi, yatsunsa na ciwo bai damu ba. Ambulan dubu biyu da ɗari ɗaya suka kai gidan waya a motar Cleophus.

Bayan kwana goma, yana ɗakin ƙasa shi da Cleophus suna gyara kujeru, sai mai kai wasiƙu ta sauko da babban kwandon roba. Ta ajiye, ta koma, ta sauko da na biyu.

"Naku ne," ta ce. "Akwai saura gobe."

Ziggy ya ɗauki ɗaya. Rubutunsa ne, an manna takarda rawaya a kai: ba ya wannan adireshi. Ta biyu: ya tashi, bai bar inda za a tura ba. Ta uku: babu gida a wannan lamba. Ya zauna a hankali.

"Titin Foundry, lamba arba'in," ya karanta. "Yaya za a ce babu gida? Gidan Imre Halasz ne."

"Ziggy, layin nan gaba ɗaya hukuma ta rushe shi shekara biyar da suka wuce."

"To ina Imre?"

Cleophus ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa. "'Yarsa ta ɗauke shi zuwa Arizona. Can ya rasu. Na ɗauka ka ji."

Bai ji ba. Imre ne ya fizge shi daga gaban narkakken ƙarfe a shekararsa ta farko a aiki. Ziggy ya dubi kwandunan. Duk jana'izar da aka yi a garin nan ya je, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa mutanensa za su tafi su mutu a wani wuri ba tare da an sanar da shi ba.

Da rana Yolanda ta shigo, da kayan asibiti a jikinta. Ta ga kwandunan, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Fiye da rabi ne," in ji Ziggy, bai ɗago ba. "Na ƙone muku kuɗi a kan matattu da filaye."

"Saura mako biyu. Za mu bi gida-gida, kowa ya sha man motarsa da kuɗinsa."

Ya ciro zoben makullansa, ya yi ta fama da farce har ya zare ƙaramin makullin akwatin. Ya ajiye a gabanta.

"Ba sai Janairu ba, 'yata."

"Baba Ziggy, ban zo don wannan ba."

"Na sani. Ɗauki."

Ta ɗauka.

A waje iska na tasowa daga tafki. Ziggy ya shiga motar Cleophus, ya ce a bi da shi Titin Foundry. Suka isa, ba komai sai ciyawa da matakalan siminti da ba sa kaiwa ko'ina. Ya sauke gilashi, ya ce a rage gudu.

"Nan Halasz. Nan su Okafor, masu 'yan biyu. Nan Benny Ruiz."

"Gidan Benny na can tsallaken titi," in ji Cleophus. "Nan shagon mai aski ne, wanda ya ɓata maka kai ranar aurenka."

"Ƙarya kake yi."

"Ina da hoto."

Suka tsaya a ƙarshen layi, injin na aiki, suna ta musu a kan wanda ya zauna a gidan da ke kusurwar layin.