Shanun da ke Hannun Babandi

"Kashi ɗaya cikin uku na ribar nawa ne," in ji Babandi. "In kuma ta fashe, kuɗinka ne suka tafi."

Iorwuese ya miƙo hannu suka tafa. "Na yarda. Ni dai in ga mutumin nan yana kuka."

A karar shanu ta Lafiya aka ƙulla wannan, bazarar 2007. Babandi dillali ne, shekara talatin yana cin la'ada. Iorwuese manomin doya ne daga Agyaragu, tsohon abokinsa. Wata biyu kafin nan saƙon tes ya shigo wayar Iorwuese daga lambar da bai sani ba: "An zaɓe ka. Zuba dubu goma, karɓi ashirin bayan sati biyu. Gurbi ya kusa cika, kada ka gaya wa kowa." Ya kira, wani saurayi mai kwat da ke kiran kansa Manaja ya zo ya same shi. Goma ta dawo ashirin. Sai Iorwuese ya kwashi dubu ɗari da hamsin, kuɗin irin doyar bana, ya damƙa masa. Daga ranar lamba ta mutu.

Yau kuma ga tes ɗin nan sak, da sabuwar lamba, a wayar Babandi. Shi ba ya karatun boko, ya miƙa wa abokinsa. Iorwuese na karantawa ya ce a ba shi adda.

"Zauna, Munci," in ji Babandi, da sunan da akan tsokani ƙabilar su Iorwuese da shi, wai an taɓa ba su ajiyar saniya suka ce mun ci. "Ku da kuka cinye mana saniya, yau an cinye ku. Wanda bai san sunanka ba ya ce ya zaɓe ka? A karar nan, duk wanda ya ce saya yanzu-yanzu, kada ka nuna wa kowa, saniyar ta sata ce ko mai ciwo."

"Amma ya biya na farko."

"Da me zai kama ka in bai biya na farko ba? To, biyan nan nasa za mu ci."

Iorwuese ya sayar da babur ɗinsa, ya kawo dubu talatin. In suka bi sauran, ba gona ba babur.

Babandi ya kira sabuwar lambar, ran kasuwa sai ga Manajan nan dai ya sauka daga acaɓa. Ya tarar da Babandi cikin babbar riga, riƙe da sanda, bijimai kusan arba'in a bayansa. Idon yaron ya kasa barin tozayensu.

"Alhaji, duk waɗannan...?"

"Duk a hannuna suke."

Babandi ya ba shi talatin ɗin yana jan jiki, kamar wanda ake cire wa haƙori. Sati biyu cif, Manaja ya dawo da sittin, har da lemon kwalba.

"Alhaji, yanzu sai babban zubi."

"Yaro, ni ban taɓa sakin bijimi don abu ya yi kyau sau ɗaya ba. Ga sittin ɗinka, a sake. Ranar da za ka dawo tirela za ta yi lodi. Waɗannan in sun tafi, sun yi miliyan biyu."

Sati biyun nan Iorwuese bai ci tuwon kirki ba. Hadari na haɗuwa ta gabas, maƙwabta sun fara dasa doya. Kullum sai ya kira: "Babandi, in yaro ya gudu fa?" Shi kansa Babandi bai da tabbas. Abin da ya sani kawai, ya ga yadda yaron ke haɗiye yawu.

Manaja ya dawo. Tirela na tsaye, ana tura bijimai ciki. Ya zaro ɗari da ashirin, Babandi ya zura a aljihun 'yar ciki.

"To Alhaji, kuɗin shanun?"

"Sai ka tambayi masu su. Ga Bubayero can, sha biyu nasa ne. Jajayen na Mu'awiya."

"Ai ka ce naka ne!"

"Na ce a hannuna suke. Dillali ne ni, ɗana. Ko akuya ban mallaka ba."

Manaja ya caƙumi babbar riga. Sai ga Iorwuese daga bayan tirela.

"Manaja, sannu da aiki. Ka san ni?"

Hannun ya saki da kansa. 'Yan kara sun riga sun zagaye su.

"In kana ganin an cuce ka, mu je wajen 'yan sanda," in ji Babandi. "Tes ɗinka na nan a waya biyu."

Yaron ya duba hagu, ya duba dama, ya keta ta cikin kashin shanu da gudu, ana yi masa ihu har bakin titi.

Babandi ya ci dubu talatin da bakinsa kawai. Iorwuese ya karɓi talatin ɗinsa da sittin a kai, ya dasa rabin gona, rabi ya bar wa ciyawa. Manaja ya yi asarar casa'in, ya yi asarar Lafiya, don ba a sake ganinsa a garin ba. Amma in aka cire casa'in daga abin da ya cinye wa Iorwuese, har yau shi ke da riba.